Bakin Rumbun Kakanka

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Takardar ga ta fito daga hannun ubanka a Boɗinga, zuwa ga ɗana Magaji, mai shirin tafiya Gusau aikin akawu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da irin wautar ubanka. Amin.

Ka san kai ne ɗan fari, bakina ba ya iya doguwar magana da kai ido da ido. Shi ya sa na cusa wagga takarda ƙarƙashin rigunanka, don ka karanta inda ba ni ganin fuskarka. Ka yi haƙuri da rubutun. Shekara biyu na yi a elementare, ruwan shuka ya sauka, kakanka ya zo ya jawo ni da kunne zuwa gona. Abin da na tsira da shi ke nan kake gani.

Bayan haka, akwai abin da gidan nan ya ɓoye maka, yau zan tona shi da hannuna kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri. Daminar bara waccan, kana makaranta a birni, ubanka ya maƙale a bakin rumbu.

Ka san rumbun da nake nufi, babban nan na bayan ɗakin uwarka, wanda kakanka ya gina da hannunsa tun ban yi wayo ba. Kakanka mutum ne siriri kamar karan dawa, kuma daidai ƙugunsa ya yanke bakin rumbun a sama, wai don kada ƙaton ɓarawo ya samu hanya. Bai san ƙaton yana tsakar gidansa yana rarrafe ba. Shekaru da yawa ban shiga ciki ba, don Allah ya rufa asiri, gero bai taɓa sauka inda hannu ba ya kaiwa. In hau tsani, in ɗaga jinka, in miƙa hannu in jawo, shi ke nan. To waccan shekarar ruwa ya yi muna rowa, kafin sabon gero ya nuna, na rumbu ya koma can ƙasa. Da hantsi uwarka ta ce, "Malam, ba abin dakawa gobe." Na ce wannan ai ba magana ba ce. Na tuɓe riga, na hau tsani ina nishi, na zura ƙafafu. Ƙafafu sunka wuce. Cinyoyi sunka wuce da 'yar gardama. Da anka zo kan ciki sai magana ta tsaya.

Mai hankali a nan zai fito. Ni kuwa sai na ce ai iska ce ta cika ni. Na fitar da numfashi duka, na tsuke ciki, na danna kaina ƙasa da ƙarfi. Na shige kamar taki guda. Sai numfashi ya dawo, don ba ya tambayar izini. Daga nan ba sama ba ƙasa. Rabin ubanka yana cikin duhu yana wutsil-wutsil da ƙafafu, rabi yana waje rana na dukansa, kaji sun daina kiwo suna kallo.

Uwarka ta fito da taɓarya a hannu, ta ɗaga kai ta dube ni, ta koma ɗaki da gudu. Na ji kamar tana kuka, har tausayinta ya kama ni. Daga baya ta gaya mani bakin zane ta cusa a baki don kada maƙwabta su ji dariyar. Ta dai fito da kwalbar man gyaɗa, tana share ido.

Ranar kasuwa ce. Baffanka Ummaru na Shagari, taubashina, ɗan goggona, wanda tun muna ƙanana ba shi da sana'ar da ta fi tsokanata, ya tako da ƙafa tun tsakar dare kamar yadda ya saba, ya biyo shan ruwa. Ya yi sallama, uwarka ta ce ya shigo maza. Ya zo gindin rumbu ya tsaya, ya ture malfa baya, ya dogara sanda.

"Sannu da aiki, Randa. Mi kaka yi bisa? Ko an naɗa ka murfin rumbu ba mu ji ba?"

Na ce, "Ummaru, don girman Allah ka rufe baki ka hau."

Ya ce, "Ina hawa. Bari dai in ƙare kallo, ban san ranar da Allah zai ƙara nuna man irin wagga ba."

Ya hau. Ya tsiyaya man gyaɗa ta ko'ina yana ce wa uwarka ta kawo gishiri da yaji tunda an riga an sa mai. Ya rungumo ni ta hammata, ya ja, na yi salati, ya ja, fata ta saɓule, na fito ɓul kamar an zare toshiyar tulu. Da ƙyar munka sauko ba mu karya tsani ba.

Amma gero na nan ciki, tukunya na jira. Ka kuwa sani, a gidajenmu ba wanda ke ganin gindin rumbun mutum sai shi kansa. Matar gida ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa, balle na waje. Abin da ya rage a ƙasan rumbu shi ne asirin gida. Ranar nan ina zaune bisa turmi, mai na ɗiga daga cibiyata, ina kallo wani namiji ya sulale cikin rumbun ubana kamar ƙadangare. Wannan ya fi mani ciwo bisa ga fatar da ta saɓule.

Ya daɗe a ciki. Ya yi ta miƙo zangarniya uwarka na tarewa. Da ya fito ba ya dariya, abin da ya tsorata ni ke nan. Ya tsuguna gabana ya kira ni da sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar aurena.

"Sani, akwai abin da anka bar maka a bangon rumbun ga daga ciki, can ƙasa, wajen gabas."

Na ce, "Mene ne?"

"Shiga ka gani."

"Ka san ba ni shiga."

"To zauna da rashin sani. Abin da ya faru yau kuwa, ba mai jin shi a bakina, ko a kasuwa ko a Shagari. Amma ranar da ka shiga ka fito ba mai, ka tako da ƙafarka har ƙofar gidana ka gaya man abin da ka gani. Ba jaki, ba keke, ba lori. Ranar nan bakina ya buɗe."

Na ce na yarda. Mutumin da anka shafe da man gyaɗa kamar kaza ba abin da ba ya yarda da shi.

Kwana shida bayan haka jakai biyu sunka tsaya a ƙofar gida da dawa, wai Ummaru ya ce nasa rumbun na yoyo, in ajiye masa. Har yau bai tambaye ta ba, kuma ni na san rumbunsa ba ya yoyo. Ya ga gindin nawa ne kawai. Magaji, in ka je Gusau za ka samu masu yabonka a gaba. Ba su nake so ka nema ba. Ka nemi mutum guda mai yi maka dariya a ido, ya rufa maka asiri a baya. In ka same shi, ko ya kira ka Randa ka amsa.

Yanzu bari in gaya maka inda cikin ya fito, don ba da shi anka haife ni ba. Da ƙuruciya jakai nake korawa da albasa har Jega, da ƙafa, in dawo in kama kalme in shiga gona washegari. Ana ƙirga haƙarƙarina daga nesa. Sai kamfanin sayen auduga ya nemi wanda ya iya rubuta lamba, anka dube garin nan anka ga ba wani sai mai shekara biyu a elementare. Anka ba ni sikeli, da rumfa, da kujera. Kujerar nan, Magaji! Ranar da na fara zama kanta na ji kamar an ba ni sarauta. Manoma su zo da kaya, kowa da ƙwaryar fura ko ɗan man shanu, wai Malam ya jiƙa maƙogwaro. Allah ya sani ban taɓa karkata sikeli don ƙwaryar kowa ba. Amma ban taɓa mai da ƙwaryar kowa ba kuma, duk na shanye don kada a ce na nuna bambanci. Gona na bar wa 'yan ƙwadago. Na sayi keke. In lokacin auduga ya wuce, sai in ɗauke zaman daga rumfa in kai shi gindin durumi.

Ciki ya fara fitowa, mutane sunka fara cewa, "Malam, jiki ya yi kyau, Allah ya ƙara." Ni kuwa in shafa shi in ce amin. Allah kuwa ya karɓa. Wata rana Baturen kamfani ya zo duba sikeli, ya ce in hau a gwada. Na hau, ya duba, ya yi fito, ya gaya wa tafinta na fi buhun gyaɗa har da ɗoriya. Wallahi sati guda ina ba da labarin ga duk wanda ya zauna kusa da ni, a zatona yabo ne.

Jiki ya yi ta aiko mani da saƙo ina korar ɗan aiken. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗora mani dutsen niƙa a ƙeya. Daga gida zuwa masallaci sai na tsaya gaisuwa sau uku, mutane na cewa Malam akwai zumunci, alhali numfashi nake nema. Jakina in ya hango ni sai ya juya fuska bango. Duk ban ji ba. Kuskurena na fari ke nan: na ɗauki teɓa a matsayin girma. Kai ma kujera za a ba ka, da tebur har da fanka wataƙila. Ka zauna kanta ka yi aikin da anka ɗauke ka, amma kada ka kai ta gida. Ka je ofis da ƙafa, ka dawo da ƙafa, ko abokan aikinka sun ce akawu ba ya tafiya ƙasa. Ƙwaryar da za a miƙo maka kuma don kana riƙe da alƙalami, ka yi godiya ka mayar. Cikinka zai huta, sunanka ma zai huta.

Bayan na warke daga saɓular fata, ka san dabarar da ta fara zo mani? Ba rage ciki ba. Ƙara bakin rumbu. Na kira Tanko magini, ya hau ya ƙwanƙwasa, ya ce ginin ya tsufa, in an sa masa ƙarfe a baki yana iya tsagewa har gindi, amma in na ce a yi sai a yi. Na ce a yi. Uwarka na tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, in an faɗaɗa bakin rumbu bana, baɗi ƙofar ɗaki za a faɗaɗa. Sannan mu roƙi masu haƙa kabari su ma su ƙara faɗi." Tanko ya sauko a hankali, ya ce ya tuna yana da aiki a wani gida. Rumbun nan ya ciyar da gidanmu tun kafin a haife ka, bai canza ba ko da yatsa guda. Ni na canza, kuma na tashi in fasa shi don ya dace da ni. In wani abu ya matse ka a rayuwa, ɗana, kafin ka kira magini ka fara shafa jikinka.

Sai na koma neman gajeriyar hanya. Akwai wani mai magani da ke shimfiɗa buzu a bakin kasuwa, ya ce yana da haɗin filasko da kanwa mai narkar da kitse cikin kwana uku. Ya ce ludayi guda. Na ce a raina, in ludayi guda kwana uku ne, ludayi uku ai yini guda ke nan. Ka ga amfanin lissafin elementare. Ba zan ɓata maka takarda da abin da ya biyo baya ba. Ka dai sani kwana biyu ban san kowa ba sai buta, Jumma'a ta wuce ban je ba, na fito ido ya faɗa, wuya ya zama na zakara, ciki kuwa yana nan daram ko gezau. Abin da anka tara shekara goma sha biyar da ludayin fura, ludayin magani ba ya kwashe shi. Duk wanda ya ce maka kwana uku, a kan kowace irin magana, ka riƙe aljihunka ka wuce.

Da na farfaɗo sai zuciya ta ɗebe ni. Na sallami 'yan ƙwadago, na saɓa kalme, na ce yau sai na gama noman maimai ni kaɗai kamar da. Na manta mai yin haka da ɗan shekara ashirin ne. Kafin azahar na ga gero yana juyawa, na faɗi cikin kunya. Maƙwabcin gona ya kawo ni gida bisa jakin taki. Kwana takwas ina kwance, 'yan dubiya na kawo kunu da waina, na tashi na fi da nauyi. Jiki ba a yi masa fushi. Ya fi ka haƙuri, kuma ya fi ka riƙo.

Daga nan na watsar. Kaka ta yi, rumbu ya cika har baki, hannu na kaiwa, ba mai bukatar shiga. Kunyar da na sha kuwa, in gaya maka gaskiya, ba ta yi wata biyu ba ta bushe. Tsoron mutuwar da uwarka ta jefa mani shi ma yakan zo ne in na ƙoshi, kafin wata yunwa ya tafi. Na koma kujerata.

Abu guda ne ya ƙi barina. Duk sanda na zaga bayan ɗaki na ga rumbun nan, sai in ji maganar Ummaru: akwai abin da anka bar maka. Wa ya bari in ba kakanka ba? Shi ya gina, shi kaɗai ke shiga. Ya iya ajami. Ko wasiyya ce ya rubuta bai samu faɗa mani ba, don rasuwarsa ta zo ina hanyar Jega? Ko alamar inda ya binne wani abu? Wata rana in ce addu'a ce, wata rana in ce tulun azurfa ne. Kowace ranar kasuwa Ummaru ya biyo ta rumfar sikeli, ba ya ko tsayawa, sai ya ce, "Randa, ka gani?" ya wuce. Na taɓa saya masa tsire har tsinke biyar don ya tausaya. Ya cinye, ya sakace haƙori da tsinken, ya ce, "Madalla. To, ka gani?"

Wannan ƙaiƙayin ne ya tashe ni, ba hankali ba. Na so in ce maka tunanin lafiya ne, ko tunanin ku 'ya'yana, don ya fi daɗin faɗi. Amma manyan dalilai sun yi mani nauyi, ina jinjina su in ajiye. Ƙaramin nan mai cizo kamar ƙuma shi ya hana ni zama. Ranar da ka ga kana son gyara wani hali ka kasa, kada ka tsaya jiran babban dalili. Ka nemi ƙaramin da zai dame ka kullum, ko da abin dariya ne.

Na hau tsani na auna bakin rumbu da igiyar rama, na ƙulla ta daidai, ina gwadawa a ƙugu duk Jumma'a bayan wanka. Sati na huɗu na ga ta kusa kaiwa, na yi murna, sai uwarka ta ce ta ga wani yana kwance ƙullin yana matsar da shi ranar Laraba. Ban yi musu ba. Ita ta samo tsumagiyar geza, ta lanƙwasa ta zobe daidai bakin rumbun, ta ɗaure da jijiya, ta rataye bayan ƙofa. Geza ba ta karɓar roƙo. Ranar farko na zura kai da kafaɗu, zoben ya zauna bisa cikina kamar faifai bisa ƙwarya.

Rani ya shigo, na roƙi wani abokina ya yanka mani 'yan fangalin albasa a fadamar Danchadi. Na jingine keke. Kullum in na idar da sallar safe sai in kama hanya da ƙafa, in ja jigo in ba albasa ruwa, in dawo rumfa. Ranar farko guga goma na ja na zauna ina ganin taurari da rana tsaka. Ban ƙara yin fushi ba. Washegari na ja goma sha ɗaya. A gida kuma na lura tuwo na ƙarewa da wuri, ashe uwarka ta ɗauke babban akushina ta maido ɗan ƙaramin na kakanka. Na dube ta, ta dube ni, na sa hannu. Fura sau ɗaya a yini. Masu kawo ƙwarya rumfa na ce musu likita ya hana, alhali likitan na gida yana tankaɗe.

Abin da ban zata ba shi ne bakin mutane. Waɗanda sunka yi ta cewa jiki ya yi kyau, su ne sunka fara raɗa. Wai Malam Sani na ramewa, ko kamfani ya kore shi. Wai an gan shi yana jan jigo kamar ɗan ƙwadago, abin duniya ya ƙare. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya da rubutun sha, ta ce sammu ne, ta san mai karyawa. Na karɓa na sha don kada in ɓata mata, ai ruwa ne ba ya ƙara ƙiba. Wannan ya fi jigo wuya, Magaji, mutum ya ga ana tausayinsa a kan abin da ya fi kowane alheri gare shi. Ka bar su su yi. Ba su za su ɗauki cikin nan su kai masallaci ba.

Ba zan ɓoye maka daɗin da na samu ba kuma. Na koma sanin hanya: gonar wane ta yi kyau, wane ya yi sabon danni, ina kurciya ke sauka. Ruwan randa ya koma yi mani zaƙi. Goshina ya koma taɓa ƙasa ba tare da na yi shawara da cikina ba. Albasar da ka ci a miya da ka zo hutu, har ka ce ta yi yaji, ta hannuna ce, na yi shiru ne don kada in yi alfahari gaban ɗan fari. Jakina ma mun shirya, yanzu gefensa nake tafiya muna hira.

Zoben geza ya yi ta sauka, wata Jumma'a yatsa guda, wata ba ko kaɗan, bayan Sallar layya ma sai da ya koma sama. Shekara guda da watanni muna wannan. Ran nan da bazara na zura shi, na ji ƙaras a ƙasa. Na duba, ga shi a idon sawuna. Uwarka ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada a zo tambayar wa ya haihu. To amma bara an yi albarka, gero ya rufe bangon gabas. Dole na jira. Ina jin ni ne magidanci na fari a ƙasar nan da ya riƙa leƙa rumbunsa yana jin haushin bai ragu ba.

Sati uku da sunka wuce ya sauka. Na tuɓe riga, na hau, na yi bisimilla, na zura ƙafafu. Ba mai, ba Ummaru. Bakin ya ɗan gaisa da ƙuguna, ya bar ni na wuce. Na dira cikin sanyi da ƙamshin tsohon gero, irin wanda na sani tun ina ƙarami in kakanka ya buɗe. Na durƙusa wajen gabas, na share ƙaiƙayi da tafin hannu.

Zane ne, an karce shi da bakin wuƙa, kuma karcen sabo ne, ba na zamanin kakanka ba. Randa ce ƙatuwa, da 'yan ƙafafu biyu kamar tsinke, da hula a bisa. Gefenta wani ɗan siririn mutum da malfa, ya buɗe baki yana nuna ta da sanda.

Na zauna daɓas. Azurfata ke nan, wasiyyata ke nan. Na fara zagin Ummaru, zagin ya juye dariya, na yi ta yi har rumbu na amsawa. Da na lafa na ɗaga kai, ga bakin can sama, zagaye, sararin Allah a cikinsa. Sai na ga bangon duka sawun yatsun kakanka ne, inda ya bi da laka yana shafewa, layi bisa layi har sama. Na sa yatsuna cikin nasa na ɗan jima. Da na fasa rumbun da ban gan su ba. Sannan na kama baki na ɗaga kaina da hannuwana na fito.

Uwarka na gindin tsani. Ta ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Asirin rumbu ne, ba a gaya wa mata."

Ta ce, "Ya sa mata hular kuwa? Don wuƙata ya ara."

Shekara biyu ina kwana ɗaki guda da wadda ta sani. Ka ga irin mutanen da Allah ya haɗa ni da su, kuma ban da abin cewa sai godiya.

In ka ɗaga rigunanka na ƙasa za ka ga zoben geza. Sabo ne, uwarka ta lanƙwasa maka, nawa na nan bayan ƙofa don ban gama da shi ba. Yanzu zai wuce ka har da sauran wuri, kada ka yi dariya, ni ma da haka na fara. Ka rataye shi inda za ka riƙa ganinsa. Rumbun nan naka ne wata rana, kuma ba a ƙara masa baki.

Saura alkawari. Na shiga na fito ba mai, ban kuwa je Shagari ba tukuna. Baffanka Ummaru ya daina zuwa kasuwa tun tsakiyar damina, kurkunu ya fito masa a ƙafa, yana zaune a zaure yana naɗe shi a tsinke, geronsa ya nuna ba mai yanka. Ranar da na sa ka a lori, washegari da sassafe zan saɓa magirbi in kama hanya. Rabona da taka wannan hanyar da ƙafa tun kana goye, ban sani ba ko in isa da la'asar ko a kai ni bisa jakin taki. In na isa, na san zai tara mutane a ƙofar gida kafin ya ce, "Randa, ka gani?" Ni kuwa dole in ce na gani. Daga nan bakinsa ya buɗe, kafin in gama yanka masa gero duk Shagari ta ji, kafin wata ya mutu labarin ya iso Gusau bisa lorin auduga, da ƙarin cewa kwana uku na yi a maƙale. Ka gaya musu hantsi guda ne.

Allah ya tsare ka, ya tsare mutuncinka da ƙugunka, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya maido muna da kai muna masu rai. Uwarka na gaishe ka. In ka yi sallar safe ranar da ka sauka, ka sa ƙafafun ubanka a addu'a, suna kan hanya.

Ni ne ubanka, Sani mai sikeli, wanda Shagari ke bi bashin tafiyar yini guda.